Dokar Jarka a Gaban Suruki

Ni fa ban nemi shiga kwamiti ba, Allah shaida. Ina zaune a ƙofar gidana da tukunyar kokona da kaskon ƙosaina, ba na cin na kowa, sai ga Raudatu 'yar ƙanena ta faɗo mini da hantsi, wai an sa sunana wakiliyar mata. Na ce waɗanne matan? Matan garin nan da ko rabon goron suna ba su taɓa wakilta ni ba? Ta ce, "Gwaggo Hajo, ba wakilci nake nema ba. Baki nake nema, kuma duk dangi an san Allah ya hore miki."

Kun ji yarinyar zamani. Ta zo roƙo, ta haɗa da zagi.

Raudatu ma'aikaciyar lafiyar muhalli ce a ƙaramar hukumarmu, nan tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Duba-gari ke nan a bakinmu na da, sai dai duba-garin da muka sani randa yake leƙawa, a ba shi ƙwai ya ce gida tsaf. Ita wannan da ta je Zariya ta ƙaro karatu, sai ta dawo mana da jarabar jarka.

Ga yadda abin yake. Yanzu a ƙasarmu wa ke duƙawa noma da fartanya? Feshi ake yi. Masara feshi, dawa feshi, waken suya feshi, auduga kuwa kamar da maganin ake shayar da ita. In magani ya ƙare, jarka ta rage, mai kauri, mai murfi, ba ta yoyo, ta fi duk wadda za ka saya a kasuwa kyau. Wane mahaukaci ne zai yar? A ɗauraye da toka da ruwan zafi, shi ke nan ta yi tsarki. Gobe ka gan ta da man gyaɗa, jibi da nono, in azumi ya zo da kunun sadaka. Wanda ba shi da ƙarfin sayen jarka guda kuma, a tsiyaya masa maganin a gorar lemo, ya rataya a keke ya yi gona.

Raudatu ta ce a cikin jinin mutum akwai wasu 'yan aike da Allah ya halitta. Su ke gaya wa yarinya lokacin fara al'ada, su ke gaya wa ciki ya zauna, su ke gaya wa jikin namiji ya yi iri. Ta ce wasu sinadaran da ke cikin irin waɗannan magunguna, da wasu robobi in zafi ya taɓa su, suna shiga jiki su yi shigar 'yan aiken nan su kai saƙon ƙarya. Ba ciwon ciki, ba amai, sai dai abu ya yi ta lalacewa a hankali. To a nan gizo ke saƙar. Mu a wurinmu abin da bai kayar da mutum nan take yana kumfar baki ba, ai ba guba ba ne.

Da ni ta fara, ni da na goya ta. Ta hana ni zuba koko mai zafi a leda. Na ce wa masu saye kowa ya zo da kwanonsa, rabinsu suka koma wajen maƙwabciyata, wadda Allah ya rufa wa asiri bai ba ta 'yar ƙane mai ilimi ba. Na zage ta, na ƙara, amma na bi, domin yarinyar tun tana ƙarama ba ta iya ƙarya ba.

Daga nan ta shiga yawo. Kasuwar Danja, gidajen masu unguwanni, makarantun matan aure, gidan rediyo, wannan ofis ya tura ta wancan, wancan ya ce mai sa hannu ya tafi ta'aziyya. Takalma nawa ta kashe, Allah kaɗai ya sani. Ta tara likitoci da malaman gona suka tsara doka: duk jarkar da magani ya ƙare a huda ta a mayar wa mai shago, kada ta sake shiga gidan kowa, tsiyayar magani a gora kuma a daina ta sam. Ciyaman ya ce madalla, amma sai kwamitin masu ruwa da tsaki ya zauna ya amince, sannan kansiloli su sa hannu kafin ruwa ya sauka. In damina ta kama ba a yi ba sai baɗi, baɗi kuma zaɓe, kuma a shekarar zaɓe ba mai taɓa ran manomi.

Sai aka zo naɗa shugaban kwamiti. Aka duba gabas aka duba yamma, ba a ga wanda ya dace ba sai shugaban 'yan kasuwar maganin feshi. Wato aka kira kura aka ba ta ajiyar nama, aka kuma roƙe ta ta rubuto rahoto. Alhaji Maitama ke nan, mai babban shagon bakin tasha, kuma uban Awaisu, mijin Raudatu.

To ku gaya mini. Yarinyar da tun da aka kai ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, in ya shigo ta zube ƙasa, in ya yi tambaya ta amsa wa tabarma, ita ce za ta miƙe a gabansa riƙe da makirfo tana zancen al'ada da ciki da irin maza? Ko ta haɗiye duk littattafan Zariya ba za ta iya ba, kuma in ta iya, gari ba zai ji dokar ba, rashin kunyar zai ji. Shi ya sa ta nemo ni. Ni da Maitama taubasai ne, uwarsa ƙanwar ubana ce. Tun muna yara nake kiransa bawana, nake faɗa masa abin da ko matansa ba sa iyawa, ya yi dariya dole. Shirin shi ne ta zauna a bayana tana raɗa mini, ni kuma in sa wa maganar ƙafa.

Ana gobe taron ta zo da la'asar, ta rufe ƙofar ɗakina, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna a bakin gado tana murza gefen mayafi.

Aurensu da Awaisu ya daɗe. Ƙannenta na baya duk sun yi goyo sun yaye, ita shiru. Gari kuwa ya gama shari'a tuntuni: boko ne ya ƙone mata mahaifa, ko kuma ƙwaya take sha a ɓoye don kada ciki ya hana ta yawon ofis. A gidan suna sai a miƙo mata jariri a ce, "Ɗauki, ko kya yi sha'awa." Ta karɓa, ta yi murmushi, ta sa albarka.

Ta ce, "Gwaggo, zan gaya miki wata magana, ba don ki faɗa ba. Don ki san inda ba za ki taka ba gobe."

Ashe shekarun baya sun je asibiti a Zariya, aka gwada su duka biyun. Ita lafiyarta ƙalau. Awaisu ne irinsa ya yi kaɗan, kaɗan ɗin ma ba ƙarfi. Likita ya tambaye shi sana'arsa. To Awaisu tun bai kai kantar shago tsawo ba shi ke tsiyaya. Mazurari a hagu, jarka a dama, magani na bin hannunsa har gwiwa, ya goge a riga ya ci rogo da ƙuli. Likita ya ce ba zai rantse cewa maganin ne ba, amma in yana son ya ga ɗansa, ya raba jikinsa da shi tukuna, a ga abin da Allah zai yi.

Na ce, "Yo to ya bari mana!"

"Ya ce wa Baba me? In ya bar tsiyaya sai an tambayi dalili. Muna dawowa a mota ya yi ta kuka, ya sa na rantse maganar ba za ta kai kunnen Baba ba. Ya ce in Baba ya ji, zuciyarsa bugawa za ta yi." Ta ɗago ta dube ni. "Amma in doka ce ta hana, kowa ya daina. Ba mai tambayar Awaisu komai."

Sai a lokacin na gane abin da nake gani shekaru. Yarinyar nan da gaske take yi wa gari, ban musa ba, amma a cikin garin akwai hannu biyu da take son ta tsamo daga maganin ba tare da kowa ya lura ba. Ta ɗauki sunan juya ta ɗora a kanta, ta kuma zagayo ta sakatariya da kansiloli da gidan rediyo don ta faɗa wa surukinta abin da ba ya faɗuwa a tsakar gida. Na ji tausayinta ƙwarai, haushi kuma ya fi tausayin yawa. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, bakina alaikum.

An ce taro da hantsi, sai da rana ta take tsaka aka fara. Zauren sakatariya, kujerun roba, an rataya ƙyalle mai hoton ciyaman, hoton ya fi rubutun girma. A gefe an jibge abincin taro, shinkafa da miya, da zafinta, a ƙulle cikin leda tana gumi. Raudatu ta kalli ledojin, ta kau da kai. Awaisu ne ya kawo ubansa a mota, ya shigo da katan ɗin lemo, ya samu kujera can baya kusa da ƙofa ya zauna.

Maitama ya hakimce a kujera mai hannu, babbar riga ta sha guga. Raudatu ta je ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata," ta dawo ta ɓuya a bayana. Na karɓi makirfo.

"Bawana, yau kai ne a kujera mai hannu? Lallai duniya ta zo ƙarshe."

Ya ce, "Hajo, wa kika bar wa tukunyar koko?" Zaure ya ɗauki dariya, aka saki jiki.

Raudatu na raɗawa, ina fassarawa. In ta ce mini sinadari kaza yana daɗewa a jikin roba, in ce musu, "Jarkar nan ko da ruwan Zamzam kuka wanke ta, maganin na nan a maƙale a namanta." In ta ce bincike ya nuna, in ce, "Masu ido huɗu sun duba sun gani." Na yi zancen mata masu ciki, na yi zancen 'yan mata da jikinsu ke rikicewa. Maza suka yi ta gyaɗa kai irin na wanda ake ba labarin gobara a wani gari. Wani yana sakace, wani yana danna waya.

Malam Zainulabidin, na'ibin limamin Juma'a, ya ɗaga hannu. Ya ce shi abin da ya dame shi hujin. Jarka lafiyayya a huda ta, ai almubazzaranci ne, masu almubazzaranci kuwa an san 'yan'uwan wane ne. Ya kawo shawara a tara jarkokin a kai masallatai a riƙa ajiye ruwan alwala, ko ba komai a samu lada.

Raudatu ta fara raɗa mini wani dogon bayani, na ture shi gefe. Na ce, "Allah gafarta Malam, ku kuka koya mana in kare ya sa baki a kwano a wanke sau bakwai. Kare fa, da ko ciyawa ɗaya bai taɓa kashewa da yawunsa ba. Abin da ke ƙone muguwar ciyawa har saiwa, shi ne za mu kurkure baki da shi kafin sallah?"

Malam ya shafa gemu. Mutumin kirki ne, ba ya jayayya don a ce ya yi. Ya ce in cutarwa ta tabbata, kawar da ita wajibi ne, ya janye.

Sai Raudatu ta matso da bakinta kunnena, ta ce, "Yanzu na maza." Na gyara tsayuwa.

"To 'yan'uwana masu rawani da masu hula, na mata ya ƙare, saura naku. Maganin nan ba mata kaɗai ya sani ba. Yana bin fatar hannu, yana bin numfashi, yana bin furar da kuka dama a jarka, ya tafi kai tsaye rumbun da kuke taƙama da shi ya rage irin. Mutum na nan da gemunsa da muryarsa, ciki kuwa ƙaiƙayi."

Nan take kowa ya gyara zama. Mai sakace ya cire tsinke, mai waya ya kife ta a cinya. Ikon Allah! Tun ɗazu ake zancen cikin mata ba wanda ya motsa, an taɓa rumbu kowa ya zama ɗalibi. Mutanen da a da suke ɓoye 'ya'ya a bayan ɗaki in masu rigakafi sun zo, wai kada a kashe musu haihuwa, su ne suke zuwa da ƙafarsu su sayi abin, su ci ribar jarka.

Labo ya miƙe, shugaban masu feshin haya, Bamaguje ne daga ƙauyen bayan dutse, mutum ne da ba ya kwana-kwana. Ya ce, "Hajiya, har da mu masu goya famfon feshi? Domin ni in na yi wuni ina feshi, rigata matsewa ake yi." Na ce har da ku, ku ne ma a gaba. Ya ce to shi da yaransa suna bayan doka, a rubuta. Wakilin manoman masara ya ce a rubuta shi ma. Na waiwaya na ga Raudatu ta runtse ido, leɓɓanta na motsi. Wallahi a lokacin na ɗauka an gama.

Sai Kansila Isah ya tashi. Shi wannan duk taron da ba a ji muryarsa ba yana ganin an yi asarar kujera. Ya gyara hula, ya ce, "Ranka ya daɗe shugaba, ni tun ina saurayi a jarkar feshi nake shan ruwa a gona. Ga ni nan, 'ya'ya har in ƙirga in rasa ɗaya. Doka ba a yin ta da tatsuniyar Turawa. A nuna mana namiji ɗaya a garin nan, ɗaya tak, wanda maganin ya taɓa, ni zan fara sa hannu."

Da ya tsaya nan da sauƙi. Amma ya ga ana kallonsa, daɗi ya kwashe shi.

"Kuma a yi mini afuwa, gaskiya ɗaci gare ta. Wadda ko ɓari ba ta taɓa yi ba, ita ce za ta koya mana haihuwa? In mutum yana da matsalarsa ya je ya nemi magani, ya daina jingina wa jarka."

Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma an yi, kuma ta isa.

Jama'a, ni Hajo ba a taɓa saka ni a kwana na rasa amsa ba, ranar kuwa amsar tana hannuna, mai kaifi, tana zaune can baya kusa da ƙofa. Maganar ta taho har ta taɓa haƙorana. Sai na ji an damƙe mini cinya ta baya. Raudatu ce, ta nutsa farcenta cikin namana, kanta a sunkuye, hawaye na ɗiga a kan takardunta, tana girgiza kai a hankali.

Na haɗiye. Na ɗaga ido na dubi bayan zaure, na ce a raina, to ɗan halak, ga matarka ana yanka ta a gabanka, kalma biyu ta ishe ka. Awaisu ya zaro waya daga aljihu, wayar da ba ta yi ƙara ba, ya kara a kunne, ya fita yana "Hello, hello, ba na jin ka."

Na ce wa Isah abin da ya samu, na ce masa yawan 'ya'ya ba shaidar hankali ba ce, da haka ne da zabuwa ta yi alƙalanci. An yi dariya, amma dariyar banza ce. Maza sun riga sun sami ramin da za su shige, kafaɗu sun sauka, mai sakace ya mayar da tsinkensa.

Maitama ya buga tebur. Ya ce a yi hattara da harshe, yarinyar nan 'yarsa ce, kuma haihuwa ta Allah ce. Sannan ya ce tunda ba a kawo shaida daga cikin gari ba, adalci shi ne a kafa ƙaramin kwamiti ya zurfafa bincike, ya kawo rahoto bayan kaka. Wa zai shugabanta? Kansila Isah, tunda ya nuna sha'awa. Labo ya ce bai yarda ba, aka ce an ji, za a rubuta. Malam ya rufe da addu'a, aka yi kan shinkafa.

Na iske Maitama a bayan zaure, ya tsuguna da buta zai yi alwala, ba kowa kusa. Ban tsaya sallama ba.

"Bawana, ka ji kunya. An zagi surukarka a gabanka, ka ba mai zagin kujera. Don ribar tsiyaya? Nawa ake samu a gorar lemo da za ka sayar da mutuncin gidanka?"

Bai yi dariya ba. Tun muna yara ban taɓa jifansa ya ƙi ramawa ba. Ya ajiye butar, ya ce, "Hajo, bar wasa. Mutuncin gidan nake tsarewa."

Na ce, "Wane mutuncin?"

"Kina tsammani ban sani ba? Ni na haifi Awaisu. Na ga fuskar da ya dawo da ita daga Zariya. Da laifin nata ne, da tun a zaure zai gaya wa uwarsa. Na kira shi ɗaki na matsa masa, ya faɗa mini komai a makon, har abin da likita ya ce game da maganin."

Na ce, "Ka sani, kuma ka bar shi a kan mazurari?"

"In cire shi in ce me? Na saya masa safar hannu, ya ƙi sawa, ya ce za a tambaya, kuma gaskiyarsa. Ke kanki kin ga zauren nan yau. In dokar nan ta wuce da hujjar haihuwa, kafin magariba kowa zai tambayi wa ya fi kowa tsiyaya a garin nan, kuma wa ba shi da ɗa. Yaro ba zai sake zama a majalisa ba." Ya zuba ruwa a hannu. "Yanzu ana cewa matarsa ce. Mace tausayinta ake ji. Namiji dariya ake yi masa."

"Tausayi? Abin da Isah ya yi mata shi ne tausayin?"

"Ta iya ɗauka. Yarinya ce mai tarbiyya, kin ga ko uffan ba ta ce ba. Wallahi ina alfahari da ita, samun irinta sai an tona. Ke dai ki bar kaza cikin gashinta, Hajo. Kada ta ji na sani, sai ta kasa sakewa a gidan."

Kun ji mai tausayi. Ya ci gaba da alwalarsa, yana tsefe gemu da ruwa yadda sunna ta ce. Na so in zage shi, na duba duk zagin da na tara tun ƙuruciya, ban ga wanda ya kai ba. Na juya na bar shi.

Raudatu na tsaye a gindin dalbejiya kusa da motar, ta rungume takardunta, idanu sun yi ja. Tana ganina ta riga ni magana.

"Gwaggo, kada ki ga laifin Baba. Bai san abin da ke ciki ba, shi kasuwarsa yake gani. Da ya san Awaisu ne, wallahi da kansa zai rufe shagon. Zan sake gwadawa bayan kaka, zan nemo wata hanyar."

Ita ta rantse wa Awaisu. Ni ban rantse wa Maitama komai ba.

Na ce, "Ya sani."

Ta dube ni kamar na yi wani yare.

"Ya sani tun makon da kuka dawo daga Zariya. Awaisu ne ya gaya masa da bakinsa. Kuma saboda ya sani ne ya kashe dokar, don gari ya ci gaba da cewa ke ce." Na faɗa mata duka, har safar hannun, har alfaharin da yake yi da ita.

Ba ta yi kuka ba, kukan ma tsayawa ya yi. Ta yi magana a hankali, kamar ba da ni take ba.

"Duk Juma'a Baba yake kawo mini rubutun neman haihuwa. Da hannunsa yake miƙo mini. In durƙusa, in shanye, in ce na gode Baba." Ta gyara rungumar takardunta. "Awaisu yana tsaye a wurin."

Sai ga shi ya taho da sauri, ledar shinkafa biyu a hannu, ya ɗebo mana rabonmu. Ya ce, "Sannu Gwaggo, sannu da ƙoƙari. Raudatu, ki yi haƙuri, wani ne ya kira ni daga Funtuwa kan kaya." Ya buɗe mata ƙofar gaba.

Ta ce, "Tun yaushe Baba ya sani?"

Ya kalle ta, ya kalle ni, bakinsa ya buɗe ya rufe. Ta jira shi, wallahi ta jira shi fiye da yadda ni zan iya.

Ta juyo gare ni. "Gwaggo, ɗakin nan naki na baya, akwai kowa a ciki?"

"Babu, sai buhunan gero."

"Mu je."

Muka taka zuwa bakin titi neman abin hawa, muka bar shi riƙe da ƙofar mota.